Tambaya da Amsa: Tafiya da Yara daga Kano zuwa Jos

Tambaya: Malam, muna shirin kai yaranmu uku Jos a mota lokacin hutun Disamba, autansu shekararsa biyu. A ina ya kamata mu yada zango? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Hajiya, ku kama hanya bayan sallar asuba, ku ratse madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, amma kada ki bar yaran su shiga ruwan, domin a irin wannan kwantaccen ruwa ake kamuwa da tsargiya. Dajin Falgore kuwa ku wuce shi da rana ba tare da tsayawa ba, sai a Saminaka ku huta. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyin hunturunta kuma ba na wasa ba ne, saboda haka ki tanadi rigunan sanyi da man shafawa, musamman na autan.