Babana, ga amsarka kan tukunyar mutum ɗaya

Wa alaikumus salam Babana, ya aiki ya zafin Abuja. Mu nan Jos sanyi ya riga ya sauka, da asuba sai an ɗora ruwa kafin a iya alwala. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, ban amsa ba ne don maganar ta fi ƙarfin layi biyu, sai yau na samu zama. Ka ce abokan aikinka na tsokanarka wai ƙato da kai kana tuƙa tuwo a ɗaki kamar gwauro, sannan kuma ka tuna Hajiya Kaka, Allah ya jiƙanta, tana cewa ba a ɗora tukunyar mutum ɗaya a gidan mutunci, shine kake tambaya ko saɓa al'ada kake yi, tunda in ka dafa da yawa lalacewa yake ka zubar, in ka dafa kaɗan kuma hankalinka bai kwanta ba, har kana tunanin ka haƙura ka koma Indomie da mai shayi.

Maganar abokanka ba zan daɗe a kanta ba. Waye yake gasa tsire da balangu a bakin titi, waye yake shanya kilishi, waye mai shayin da suke so ka koma wajensa? Ai duk maza ne. Kakanka da ka ci sunansa, lokacin da ya zo aikin kuza wajen Bukuru zamanin Turawa ba mata ya zo da ita ba, su huɗu ne a ɗaki ɗaya a bariki kuma karɓa-karɓa suke girki, har ya tsufa in ya ɗanɗana miya zai gaya maka daddawar ta yi kaɗan ko kanwa ta yi yawa. Fatake da ke zuwa Gwanja sayo goro wata da watanni suna hanya, in sun sauka zango su suke hura wutarsu. Tsokanar gwauro kuwa wasa ce ta tashe a watan azumi, kuma ma kai ba gwauro ba ne tunda ba ka taɓa aure ba. Ka yi musu dariya, ran da aka kwana biyu ba albashi za ka ga wanda zai fara ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Toh maganar Hajiya ita ce nake so ka fahimta da kyau, don ni na tashi a gabanta na ga yadda take yi. Ita fa ba cewa take haramun ne mutum ya dafa nashi ba. A Suratun Nur aya ta 61 Allah ya ce babu laifi a kanku ku ci tare ko ku ci a rarrabe, ita ma ta sani. Abin da take nufi shine awo. In ta aiko ni in ɗebo gari a gidanmu na Gangare, sai ta ƙirga mutanen gida da yatsa, in ta gama ta ce ƙara ɗan hannu, na baƙo. Kullum, ko da ranar ba wanda muke jira. In an kwashe tuwo sai ta ware mara biyu a wani kwano mai murfi ta ɗora can saman kabad, ba mai taɓawa sai bayan isha'i. Wani dare almajiri ne zai yi sallama, wani dare direban babbar mota ne da ya kwana a hanyar Bauchi, wani lokacin maƙwabciya ce za ta aiko yarinya wai a sammata miya, kuma kowa ya san ba miya kaɗai ba ce babu a gidan, sai Hajiya ta haɗa har da tuwon ta ce a ce mata ta ɗanɗana mana. In ba wanda ya zo, da safe a yi ɗumame mu yara mu cinye kafin makaranta. Ka ga ko ƙwaya ba ta zube ba. Mazan unguwa kuma bayan magariba kowa za a fito masa da kwanonsa ƙofar gida a shimfiɗa tabarma a yi ciyayya, wanda gidansa ba a ɗora ba ranan zai zauna ya sa hannu ba wanda zai gane. Asirin mutane da yawa ya rufu a kan tabarmar nan wallahi.

Kuma abin yana da tushe. Manzon Allah SAW ya ce abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu, sannan ya ce wa Abu Zarri in ka dafa romo ka yawaita ruwansa ka kula da maƙwabtanka. Ka lura bai ce ka ƙara nama ba, ruwa ya ce, wato gwargwadon ƙarfinka. Don haka cika tukunya ka bari ta yi tsami ka kai bola, da sunan kana bin Kaka, wannan almubazzaranci ne kuma da tana raye ita za ta fara yi maka faɗa, balle yanzu da tun cire tallafin mai a 2023 komai na kasuwa ya tashi. Awonka ya zama na mutum ɗaya da rabi. Rabin nan ba naka ba ne har sai dare ya yi, akwai maigadin gidanku, akwai yaron da ke turo muku ruwa a kura, akwai ɗan bautar ƙasan da ka ce yana ɗakin kusa da kai. In ba wanda ya samu, ya zama karin kumallonka.

Bari in gaya maka abin da ban cika faɗa ba. Bayan rasuwar Alhaji da na fita takaba, 'yan zaman makoki suka watse, yara kowa ya koma gidansa, sai na samu kaina ni kaɗai da tukwanen da na saba dafa wa mutum goma sha. Hannuna ya ƙi koyon awo kaɗan, in na zuba shinkafa sai ta kwana uku ina kallonta, daga nan sai na daina ɗorawa gaba ɗaya, shayi da burodi safe da dare, wai don me zan wahala saboda ni kaɗai. Na rame, cikina ya dinga zafi, sallar dare ma jiri nake ji. Wata tsohuwar maƙwabciyata ce ta shigo ta buɗe kicin ta ga murhu a sanyaye, ba ta ce min komai ba, washegari ta kawo min 'yar ƙaramar tukunya sabuwa ta ce ki dafa ki aiko min da nawa. Don kunyarta na fara ɗorawa. Shi ya sa da na ga ka rubuta wai za ka koma Indomie gabana ya faɗi, na san hanyar nan, a hankali take cin mutum.

Saboda haka abu na farko ka sayi ƙaramar tukunya, biyu ma, da ƙaramar muciya da maburgi. Babbar tukunya ita ke ruɗar ido. Awonka gwangwanin madara, ɗaya na shinkafa ya ishe ka ci guda, in garau-garau ne ka ɗora rabin gwangwani na wake tukuna sai ya fara laushi ka wanke shinkafar ka zuba, ka soya mai da albasa, ga yajinka, shikenan ka ƙoshi har la'asar.

Amma sirrin mai zama shi kaɗai yana wajen kayan miya. Ranar Asabar in ka shiga kasuwa ka sayi tumatir da tattasai da attaruhu da albasa ka kai markaɗe, ka dawo ka tafasa shi sai ruwan ya ƙone ƙurmus, sannan ka soya da mai a wuta kaɗan kana juyawa har man ya taso sama ya yi ja, ƙamshin ɗanyen tumatir ya fita. Wannan ka zuba a roba mai murfi. Daga cikinsa za ka ɗebi cokali biyu ka yi dafa-duka, ka ɗebi biyu ka yi faten doya ko na dankali da ɗan alayyahu, ka ɗebi ɗaya ka yi miya. Sai dai ka tuna Abuja ba Jos ba ce, nan muna barin miya ta kwana a kan tebur lokacin sanyi ba abin da zai same ta, ku can in an ɗauke wuta firij ya huce to ka ɗumama safe da yamma har ya tafasa, kuma kar ka sa jiƙaƙƙen cokali ko wanda ka lasa a ciki. Wake da duk abin da aka sa wa gyaɗa su ne masu saurin juyawa, su kam ka dafa na yini ɗaya kawai.

Tuwo kuma da kake cewa na mutum ɗaya ba ya tuƙuwa, yana tuƙuwa sarai. Ruwa kofi biyu a ƙaramar tukunya, in ya tafasa ka dama ɗan gari da ruwan sanyi ka zuba ka yi talge, ka rufe rabi ka bar shi ya yi ta ɓararraka, nan ne mutane ke gaggawa shi ya sa tuwonsu ke ɗanye ya kwana ya saki. In talgen ya dahu ka rage wuta ka dinga barbaɗa gari kana tuƙawa da ƙarfi kana danne gudaji a jikin tukunya, ka yayyafa ruwa kaɗan ka rufe ya sulala, ka sake tuƙawa ka kwashe. Mara uku za ka samu, biyu naka ɗaya ka rufe. Miyar kuka kuwa kar ka kaɗa ta duka. Ka haɗa ruwan miyarka da daddawa da busasshen kifi da ɗan kayan miyan nan da citta da Maggi ya dahu sosai, ka raba biyu, rabin da za ka ci yanzu shi za ka kaɗa wa kuka da maburgi kana zubawa kaɗan-kaɗan, ɗayan rabin gobe ka kaɗa masa busasshiyar kuɓewa, ka ga miya biyu kenan da wahala ɗaya. In ka samu man shanu ka ɗiga a kai.

Ran da ka dawo a gajiye daga go-sulo ɗin Nyanya, ɗanwake ya fi Indomie riƙe ciki kuma shi ma ba ya cin lokaci sosai, gari da kuka da ruwan kanwa ka kwaɓa, ka jejjefa a tafasasshen ruwa, in ya taso sama ka ba shi 'yan mintoci ka tsame. Kuma don Allah kar ka manta kai ɗan Jos ne, ka dinga yin gwate ko sau ɗaya a sati. Rabin gwangwanin acha ma ya yi maka yawa don tana kumbura, ka rege ta da kyau saboda yashi, ka dafa ƙashi ya yi romo, ka zuba achar, sannan gauta da yakuwa da alayyahu da albasa mai lawashi daga ƙarshe. Tukunya ɗaya ce, ba tuwo ba miya, ga ganye ya shiga jikinka, kuma shine abincin da ya fi sauƙin ƙara wa ruwa in wani ya yi sallama.

In ka zuba kuma ka zauna ka ci kamar mutum, ka shimfiɗa ko dadduma ce ka wanke hannu ka yi bismilla, ka ajiye wayar nan. Ba na son cin tsaye a bakin tukunya. In wani ya gifta ka ce masa bismilla da gaske, ba ta fatar baki ba.

Jibi in Allah ya kai mu zan shiga Farin Gada in sayo maka dankalin turawa da kabeji da karas, na riga na daka maka kuka da yaji da daddawa, ga acha mudu biyu da na sa aka wanke aka shanya. Zan ba direba a tasha ranar Alhamis da safe in turo maka lambarsa, in sun wuce Keffi zai kira ka sai ka fito Mararaba ka tare shi. Dankalin ka zazzage shi daga buhu ka baza a ƙasa inda iska ke shiga, zafin garinku ba ya barinsa. A cikin kayan akwai ƙulli ɗaya da na ɗaure daban, na maigadinku ne, ka ce masa Goggonka ta Jos tana gaishe shi.