A gyara tsohuwar bindigar farauta ko a sayi sabuwa?

Ka tambaye ni me za ka ce wa maharbi in ya kawo tsohuwar bindigarsa mai baki ɗaya, irin Baikal ɗin nan ta Rasha, yana shawara ko ya kashe mata kuɗi ko ya nemi sabuwa. To, matso ka ji.

Da farko karya ta, wato ka buɗe ta, ka tabbata babu harsashi a ciki, ko da mai ita ya rantse maka. Sannan ka karɓi lasisinsa ka gwada lambar da ke jiki da wadda ke jikin ƙarfen. In ba su zo ɗaya ba, miƙa masa abarsa.

Bututun shi ne bindiga, sauran duk kayan sauyi ne. Ka goge cikinsa da tsumma a kan sanda har tsumman ya fito fes, ka ɗaga shi saitin haske ka leƙa ta baya. Lafiyayyen bututu za ka ga zobban haske a jere, kowanne a zagaye. Inda zobe ya karkace, akwai lotsawa ko kumburi. Ka bi wajen da yatsu a hankali, yatsa yana jin abin da ido ya tsallake. Ƙaramar lotsawa mai kayan aikinta zai iya tayar da ita. Kumburi kuwa ba shi da magani, domin ƙarfen ya riga ya miƙe ya yi siriri. Abin da ke kawo shi harbi ne alhali bakin a toshe, da laka, ko guntun tsumma, ko gidan zanzaro a bindigar da ta yi damina a rataye. Tsatsar da ta tsaya a sama tana goguwa, amma in ta yi ramuka masu zurfi kusa da mazaunin harsashi, inda ƙarfin wuta ya fi yawa, magana ta ƙare. Kada ka kuskura ka sa wa bututu walda. Zafi yana kashe ƙarfen, ranar da zai fashe kuma hannun hagun maharbi ne a wajen.

Daga nan sai mahaɗa, wato inda bututu ya haɗu da gindin bindigar. Cire katakon gaba, rufe bindigar, ka riƙe gindin ka girgiza. In ka ji tana kwas-kwas, fil ɗin da take juyawa a kai ya cinye. Wannan yana gyaruwa da sabon fil daidai kauri. Masu buga ƙugiyar da ke kama fil ɗin da guduma don ta matse suna yaudarar mutane ne, harbi kaɗan take komawa gidan jiya.

Karanta tambarin jikin bututun. In ka ga 12/70, mazaunin harsashi milimita 70 ne, wato tsawon kwanso bayan ya buɗe. Harsashi mai 76 zai shiga ciki lafiya lau tunda bakinsa a naɗe yake, amma in ya tashi ba shi da wurin buɗewa, matsi ya ƙaru. Wanda yake son harsashi mai 76 ya sayi bindigar da aka ƙera dominsa, ba a faɗaɗa tsohuwa.

Allurar da ke dukan harsashi, sifirin da abin turo kwanso ba su kai a jefar da bindiga ba. Kunama dai ka gwada ta: ɗana bindigar babu harsashi, ka doki gindinta a kan tabarma. In ta tashi da kanta, maƙalin da ke riƙe ta a ɗane ya cinye, a sauya shi, ba a gyara shi da magagari. Katako ya fi tsagewa a wuya, bayan ƙarfen. Gam mai haɗi biyu yana riƙe shi in itacen busasshe ne, amma wanda ya sha mai shekara da shekaru ba ya kama gam, sai sabo. Ka kuma hana su shafa man gyaɗa ko manja, danƙo yake zama, ƙurar hunturu ta manne.

In ya ce ba ta kashe zabo kamar da, kafa kwali a yadi 40 inda babu kowa a baya, ka zana da'ira mai faɗin inci 30, a yi harbi biyar, kowanne da sabon kwali. In ƙwayoyin sun bar gurbi babba, a canza harsashi tukuna, sau da yawa wanda ya sha sanyin damina ne.

Sai maganar takarda. A dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959, lasisin irin wannan bindiga daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake fitowa, na adaka kuma daga Kwamishinan 'Yan Sanda, kuma kowane lasisi na bindiga guda ne da lambarta. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabbi. Saboda haka in bututu da mahaɗa suna da lafiya, ka ce ya gyara, ko da kuɗin ya kai rabin na sabuwa.

Wadda ba na karɓa sam ita ce ƙirar gida da aka buga wa tambarin waje. Leƙa cikin bututun, in ka ga layin ɗinki ya bi tsawonsa, bututun famfo ne.