Me ya hana a buɗe takardun kisan Janar Murtala?

Malam, ka tambaya ko za a iya tilasta wa gwamnati fito da takardun kisan Janar Murtala na 13 ga Fabrairu 1976, kamar yadda Amurka ta yi da na shugabanta Kenedi.

Amurka ma ba da son ranta ta buɗe ba. An kashe Kenedi a 1963, sai a 1992 majalisarsu ta yi dokar da ta ba da wa'adin shekara 25. Duk da haka hukumomin leƙen asiri suka riƙa jan ƙafa, har a Maris 2025 ana sakin wasu.

Mu kuwa muna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Amma da an ce "tsaron ƙasa", ƙofa ta rufe.

Abin na ci mini rai. Mahaifina a Gusau ya kan ba mu labarin safiyar Juma'ar nan, kunnensa manne da rediyo yana jin muryar Dimka, sojan da ya sanar da yunƙurin juyin mulkin. Ya rasu da tambayoyinsa a baki. Ka rubuta takardar neman bayanan, Malam, in sun ƙi, kotu na nan.