Wai da gaske don muhalli ake amfani da manhajar bas?

Tambaya: Salam Malam. Ina ta ganin ana cewa manhajojin nan na waya masu nuna inda bas ko jirgin ƙasa ya iso, irin su Google Maps da Moovit da Citymapper, wai suna sa mutanen birni ajiye motarsu don kare muhalli. Ni fa ban yarda ba, waye zai bar motarsa saboda hayaƙi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar'uwa. Ai kin kusa da gaskiya, yawancinsu jira ne ya ishe su, zancen muhalli daga baya yake zuwa. Ki tuna yadda tsayuwa a tasha take, kina ta leƙen titi kina duba agogo, ba ki san ko minti 2 ya rage ko 20 ba, har ki fara tunanin ko bas ɗin ta wuce ne tun kafin ki zo, wannan zullumin shi ke korar mutane su koma motarsu. To idan waya ta ce saura minti 7, sai ki ɗaura takalminki a nutse ki fito. Wani bincike da aka buga a 2011 kan manhajar OneBusAway a Seattle ta Amurka ya nuna masu amfani da ita jiransu ya ragu da kusan minti 2. Kamar kaɗan ko? Amma kullum ne fa, safe da yamma.

Kuma ba wani sihiri a ciki. An maƙala wa bas na'urar GPS mai nuna inda take, hukumar sufuri tana sakin bayanin a tsarin da ake kira GTFS, wanda Google da hukumar sufuri ta TriMet a birnin Portland na Amurka suka fara a 2005, a 2011 aka ƙara ɓangaren da ke nuna inda bas take kai-tsaye. Daga nan manhaja take haɗa miki hanya, ɗan tattaki, jirgi, sannan keken haya.

Ribar muhalli kuwa tana nan, tunda sufuri ke fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da ake samu daga ƙona makamashi a duniya, kowa ya bar motarsa a gida ya rage wani abu ko da bai yi niyya ba.

Sai dai ki duba birninku tukuna, inda babu GPS a bas jadawali kawai manhajar za ta karanto miki, ta ce ga ta nan tafe alhali titi wayam.