Soyayya a bakin murhu: da gaske haka kicin ɗin manyan gidajen abinci yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sauraron wani littafin soyayya na Turanci a wayata idan ina aikin gida. Labarin wata budurwa ce da ta samu aiki a kicin ɗin wani babban gidan abinci a birnin New York, soyayya ta ƙullu tsakaninta da shugaban masu girkin. Abu biyu ya ɗaure mini kai. Mutumin nan kullum cikin daka tsawa yake, yaransa kuwa ba abin da suke cewa sai “to, shef”, sai ka ce barikin soja. Sannan kowa hankalinsa a tashe yake a kan wani “tauraro” da suke tsoron a ƙwace musu. Da gaske haka ake yi, ko marubuciyar ce ta ƙara gishiri? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kunnenki bai yaudare ki ba, domin tsarin da kika ji yana da dangantaka da soja tun asali. Wanda ake danganta shi da shi wani Bafaranshe ne, Auguste Escoffier, wanda ya yi wa sojojin Faransa girki a yaƙinsu da Jamusawa a 1870. Da ya karɓi ragamar kicin ɗin otal ɗin Savoy a Landan a 1890, sai ya raba aiki kamar yadda ake raba bataliya: ga mai miya, ga mai kifi, ga mai gashi, ga mai kayan sanyi, ga mai kayan zaƙi, kowa da murhunsa da yaransa. A samansu akwai mataimakin shugaba, a can ƙoli kuma sai shi shef ɗin. Ita kanta kalmar “shef” ma'anarta shugaba ne a Faransanci.

Na yi shekaru ina girki a kicin ɗin wani otal, don haka bari in kai ki wurin da misalin ƙarfe takwas na dare. Akwai wani dogon kanta da ke raba kicin da masu sabis, a nan mai kiran oda yake tsayawa, takardu jere a gabansa. Zai ɗaga murya ya ce: “Tebur na shida, kifi biyu, nama ɗaya!” Dole mutum uku su amsa a tare. Wanda bai amsa ba, ɗauka za a yi bai ji ba, kuma in har bai ji ba, to farantinsa ba zai fito ba. Ga shi kifi ya fi nama saurin nuna, amma dole su iso kanta a lokaci guda, in ba haka ba ɗaya ya huce kafin ɗaya ya sauka. Mai wucewa ta bayanki da tukunyar tafasasshen romo zai yi ihu ya ce “a bayanki, da zafi!” saboda wurin ƙunci ne, juyi ɗaya ba shiri sai mutum ya ƙone. Ki duba hannun duk wani tsohon kuku, za ki ga tabon bakin tanda a damtsensa. Wannan “to, shef” ɗin rasit ne na baki, shaidar cewa saƙo ya iso.

Shi ya sa nake ganin irin wannan labari ya fi daɗi a kunne fiye da a takarda. Kicin da murya yake aiki. A rubuce, layukan nan gajeru ne, ido yakan tsallake su. Amma idan gwanin karatu ya kira odar da sauri, ya amsa da wata murya, sannan ya sassauta harshe sa'ad da mutumin da ya wuni yana tsawa ya ce wa yarinyar, “ɗanɗana wannan ki gaya mini”, to ba sai an faɗa miki zuciyarsa ta karkata ba. Mu da muka saba jin ana karanta littattafan soyayya a gidajen rediyon Kano da kuma YouTube mun san wannan tun tuni, muryar mai karatu tana iya raya labari, tana iya kashe shi.

Sai maganar tauraro. Kamfanin taya ne ya ƙirƙiro shi, wato Michelin na Faransa. A 1900 'yan'uwa biyu masu kamfanin, André da Édouard, suka fitar da wani ɗan littafin jagora ga masu mota, don su yawaita tafiya, taya ta cinye, su sayi sabuwa. A 1926 aka fara sa wa gidajen abinci tauraro a cikin littafin, a 1931 aka mai da shi hawa uku. Ɗaya na nufin abincin ya yi kyau ƙwarai, biyu na nufin ya isa matafiyi ya ratse hanya dominsa, uku kuwa ya isa a yi tafiya takanas. Masu dubawar ba sa bayyana kansu, zuwa suke yi kamar kowane baƙo, su ci su biya su tafi. Duk shekara ake sabunta hukuncin, kuma gidan ake bai wa tauraron, shef ba ya tafiya da shi idan ya sauya wurin aiki. Littafin jagoran na birnin New York bai fara fitowa ba sai a ƙarshen 2005.

Tsoron da kika ji ba ƙari a ciki. A watan Fabrairun 2003 wani shahararren shef na Faransa, Bernard Loiseau, ya kashe kansa a daidai lokacin da ake raɗe-raɗin za a rage masa tauraro ɗaya cikin uku. Yana fama da damuwa da nauyin bashi, kuma Michelin ba ta ma rage masa komai ba a shekarar. Duk wanda ya yi aikin nan a wancan zamani yana tuna inda yake ranar da labarin ya iso.

Inda marubutan suke ƙara gishiri shi ne wajen lokaci da kuɗi. Mai girki a irin wannan gida yakan yi awa goma sha biyu a tsaye, yana aiki ranar da kowa yake hutu, ya koma gida ƙafa a kumbure, kayansa na warin albasa da hayaƙi. Hirar masoya ta gaskiya a wajen cin abincin ma'aikata take faruwa, kafin a buɗe ƙofa da yamma, ana zaune a kan kwandon kayan miya da aka kife, ko kuma bayan an tashi ana goge murhu. Idan marubuciya ta sa su suna yawon shaƙatawa daren Asabar, ba ta taɓa shiga kicin ba. Haka kuma akwai 'yar tsama tsakanin masu girki da masu sabis, tushenta tukuici. A Amurka baƙo yakan ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan kuɗin abinci, kuma dokar tarayya ta yarda a biya mai karɓar tukuici dala 2.13 a awa tun 1991, muddin tukuicin ya cike masa mafi ƙarancin albashi. A daren da aka cika, mai sabis yana iya fin wanda ya dafa abincin samu.

Akwai abin da nake so ki kasa kunne a kai sosai. Shef ne yake rubuta jadawalin aikin yarinyar nan, shi ne mai ƙara mata girma, shi ne mai korarta. Tsawar gaggawa daban, cin mutunci daban, kuma na ga yaran da suka bar sana'ar da suke ƙauna saboda wulaƙancin shugaba. A 2017 wasu manyan masu girki a Amurka sun bar muƙamansu bayan ma'aikata mata sun zarge su da cin zarafi. Littafin da ya san abin da yake yi ba ya kau da kai daga wannan. Za ki ga ko dai yarinyar ta koma wani kicin kafin maganar ta yi nisa, ko shi ya nemi gafarar yaransa a bainar jama'a ya gyara hali. Ƙa'idar littattafan soyayya na Turawa ce a ƙare da farin ciki, don haka haɗuwarsu ba abin shakka ba ce. Abin dubawa shi ne ko ta ci gaba da riƙe wuƙarta da sana'arta bayan sun haɗu.

In za ki zaɓi na gaba, ki lura da salon karatun. Wani littafin mace ce take karanta babin jarumar gaba ɗaya, har da maganganun namijin, shi ma ya karanta nasa babin haka. Wani kuma kowa muryarsa yake riƙewa daga farko har ƙarshe, suna amsa wa juna kamar wasan kwaikwayon rediyo. Na biyun ya fi wahalar haɗawa, amma a labarin kicin shi na fi so. Audible, wato manhajar sayar da littattafan saurare, da makamantansa suna ba da ɗanɗanon 'yan mintuna kyauta, ki saurara kafin ki biya. Sannan da yawa daga littattafan nan suna da wuraren da ake bayyana sha'anin kwanciya ƙarara, ga giya da naman alade a cikin girkin. Ki karanta sharhin waɗanda suka riga ki saurara, yawanci sukan faɗi matakin abin, kuma tunda a cikin gida kike kunnawa, ki sa abin kunne saboda yara.