Amsar Yaya Babba ga Auta kan fasfon yara da tahiyar jirgin ruwa

Wagga ita ce muryar da Yaya Babba yat turo guruf ɗin gida jiya bayan isha'i. Na rubuta ta don waɗanda datarsu ba ta buɗe murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar gida, barkanmu da dare. Auta, ke barka da rana, don na san can Hiyuston ta Amurka yanzu kunka yi azahar. Ina Baban yara, ina ɗiyana? A gaishe min da Hajiya, a ce mata Sakkwato lahiya lau, sai zahi.

Tun da sahe nis saurari saƙonki, sai yanzu nis samu zama. In na fahimce ki, kuna son hita yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, kwana 4, ku tashi daga Galbeston, tashar jirgin ruwa da ke kusa da ku, ku taɓa tsibirin Kozumel na ƙasar Meziko ku dawo Galbeston ɗin. Kic ce fasfon babban yaron ya mutu, ƙananan biyu ba a taɓa yi musu ba, kuma wata maƙwabciyarki ta ce miki kada ki ɓata kuɗinki, takardar haihuwa ta isa. Sannan kina son a tahi da Hajiya tun da tana wurinku. Kina tambaya a yi fasfon ko a bari.

To, maƙwabciyar taki ba ƙarya tay yi ba, bari in ba ta haƙƙinta. Tun 2009 Amurka ta tsaurara dokar shiga ƙasarta ta ruwa da ta ƙasa, amma tab bar wata 'yar ƙofa. In jirgin ruwa ya tashi daga tashar Amurka, ya zaga nan kusa, Meziko ko Bahamas ko tsibiran Karibiyan, ya dawo wagga tasha ɗaya da yab bari, ɗan ƙasar Amurka shina iya shiga da takardar haihuwa da katin shaida na gwamnati mai hoto. Yaron da bai kai 16 ba ma takardar haihuwa kaɗai ake nema gare shi. Ɗiyanki dut ukun can anka haihe su, kenan ƙofar ta shahe su. Sai dai takardar hukumar jihar Tekzas ake nuhi, mai hatimi. Waccan ta asibiti mai sawun ƙafar jariri da kit turo muna hotonta lokacin suna, ba ta aiki, adon bango ce.

Amma Auta, ki saurare ni nan. Wagga ƙofa ta jirgin ruwa ce kaɗai. Jirgin sama bai san da ita ba. Ko jinjiri ɗan kwana bakwai ba ya shiga Amurka ta sama daga wata ƙasa sai da fasfo na littahi. Abin awa mutanenmu na Illela ne da ke tsallakawa Birnin Konni cin kasuwa su dawo da marece, ba wanda ya cika damunsu muddin ta hanyar da sunka hita sunka dawo. Amma wancan mutum ya tahi Yamai ya ce zai hau jirgi, a nan zai san takarda na da rana.

Kina iya cewa mi zai kai ku jirgin sama? Abubuwa biyu, kuma ba fata nike ba. Na farko ciwo. Jirgin na da ɗan asibiti da likita, amma iyakarsa ƙananan abubuwa. In yaro ya karye, ko ciwon ciki ya tashi irin wanda sai an yanka, sauke ku za su yi a tasha mahi kusa, jirgi ya ci gaba da tahiyarsa da kayanku ko ba kayanku. In an sallame ku, sai jirgin sama. A nan za ki fara neman ofishin jakadancin Amurka, babban na wannan yanki shina Merida, tsallaken ruwa sannan tahiyar mota ta awoyi, ki nemi fasfon gaggawa na yara uku, da marar lahiya a hannu, da kuɗin otal na tahiya, ga yaren Sifaniyanci da ba ki ji. In abin ya faɗo Asabar da Lahadi, sai zaman jira. Suna bayarwa, ba a ce ba su bayarwa ba, amma ki auna wahalar.

Na biyu kuwa, kowa a guruf ɗin ga ya san shi, latti. Jirgin ga ba motar Gusau ba ce da za a ce direba ya dakata mai jego na bayan gida. In sun ce kowa ya dawo ƙarhe kaza, suna janye tsani su tahi. Kuma agogon jirgi ake bi, wani lokaci shina saɓawa da agogon garin da kunka sauka, waya kuma ita ta garin take kamawa da kanta. Ke kuma Auta, Allah shi ne shaida, ko ranar ɗaurin aurenki sai da anka jira ki. Ki haɗa wanga hali da yara uku da kasuwar tsaraba.

Mu zo kuɗi, tun da shi ne ainihin kukanki. Fasfon yaro ƙasa da 16 dala 100 ne, da dala 35 na wurin da ke karɓar takardu, 135 kenan. Uku sun kama 405. Shekara 5 yake yi, ba 10 irin na manya ba, shi ya sa na babban yam mutu ba ki ankara ba, kuma na yara ba a sabunta shi ta wasiƙa, sai an sake zuwa da yaron. Gidan waya ma na karɓa, ki nemi rana. Ke da Baban yara dut ku je tare, don suna son ganin uwa da uba. In aiki ya hana shi, akwai fom na amincewa da zai sa hannu gaban mai hatimin shaida. Aikin kan ɗauki mako 4 zuwa 6, ban da kwanakin aikowa, in kuma rana ta matso a ƙara dala 60 a gaggauta. Akwai wani fasfo na kati mai arha, za su iya tallata miki shi. Kada ki saya don wagga buƙata, shi ma ba a hawa jirgin sama na ƙasa da ƙasa da shi, matsalar na nan inda take.

Ni a ganina, ki yi musu. Kuma ba don Kozumel kaɗai ba. Ɗiyan ga biyu ba su taɓa taka Sakkwato ba. Baffa kullum tambayata yake yaushe zai ga mai sunansa. Duk ranar da kunka tashi zuwa gida, ko da daɗi ko da gaggawa, fasfon nan dole ne, sannan a zo na Najeriya ko biza. Dala 405 ɗin ko yau ko gobe sai kin biya ta.

Ke kanki kada ki manta, ba ki cikin waccan ƙofa. Baban yara ya zama ɗan ƙasa, shina da fasfonsa, ba ruwansa. Ke girin kad gare ki, katin izinin zaman dindindin a Amurka. Ki riƙe katin da fasfonki na Najeriya, ki duba bai kusa mutuwa ba.

Yanzu maganar Hajiya, wadda ta hi damuna, kuma ke a ƙarshen saƙo kis sako ta awa ba komi ba. Hajiya baƙuwa ce da bizar ziyara. Da zarar jirgin ya taɓa Meziko, ta bar Amurka, dawowarta kuma sabuwar shiga ce gaban jami'an imigireshin. Meziko ba matsala, mai bizar Amurka mai rai ba ta neman tasu. Dawowar ce abin dubawa. A watan Yulin 2025 Amurka ta mai da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya shiga ɗaya, wata 3. Waɗanda anka ba kamin nan suna nan yadda suke. Sai ki buɗe fasfonta ki duba wurin da anka rubuta adadin shiga. In harafin M ne, shiga da yawa kenan. In S ne ko lamba 1, ta riga ta cinye shigarta ranar da tas sauka. Kamfanonin jirgin galibi mai shiga da yawa suke nema, kuma in sun hana mutum hawa saboda takarda, kuɗin tikiti ya tahi. Kada ki tsaya ga maganar maƙwabciya ko ta dillalin tikiti, ki rubuta wa kamfanin da kansu, ki gaya musu ƙasarta da irin bizarta, su ba ki amsa a rubuce. Ki duba kuma ranar da wa'adin zamanta ke cika, wannan daban yake da ranar mutuwar biza, mutane da yawa nan suke ruɗewa.

Sannan ma kin tambaye ta? Matar da ko kwalekwalen gulbin Rima ba ta yarda ta shiga, ga hawan jini, ga gwiwa. In tana so, madalla, a saya mata inshorar tahiya mai ɗaukar kuɗin asibiti a waje, a zuba maganinta cikin jakar hannu. In kunya ce ta sa tac ce to, ki bar ta gidan ƙawarki ta Hiyuston kwana huɗun nan, ba abin da zai same ta.

Ki ɗauko hoton bizar ki turo min ni kaɗai, ba cikin guruf ba, mu nan mun yi yawa kuma wayoyin na hannun yara. In na gani zan kira ki gobe bayan azahar ɗinmu, lokacin kin tashi. Ki ce wa Baban yara ya zauna kusa, ina son jin watan da kunka zaɓa, don daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne a wannan yanki, kuma shi ya sa tikitin ƙarshen bazararku ta can ke arha. Sai da sahenku, jama'a. Wassalamu alaikum.