Tambaya da Amsa: Kwana huɗu za su kai mu Kunjarab?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Islamabad. Mu huɗu muka haɗa kuɗi za mu ɗauki hayar ƙaramar mota a watan Yuli, mu bi hanyar Karakoram har iyakar Sin a Kunjarab mu dawo. Kwana huɗu gare mu, kuma ni zan tuƙa. Ɗayanmu jininsa AS ne, amma lafiyarsa ƙalau. Me ya kamata mu tanada?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin mu kai ga tanadi, kwana huɗun nan ba su isa ba. Ku nemi bakwai, ko ku tsaya a kwarin Hunza ku bar Kunjarab sai wani jiƙon.

Na san lissafin da kuka yi, don ni ma shi na yi. Na duba taswira na ga daga Islamabad zuwa Karimabad, garin da ke kwarin Hunza, wajen kilomita 600 ne, na ce ai tafiyar yini ce. Ashe hanyar tana maƙale ne a jikin dutse, kogi na ruri a ƙasa, manyan motoci na tafiyar hawainiya a gabanka. Ranar da na bi ta, duwatsu suka zubo bayan garin Cilas, muka zauna tun hantsi har la'asar muna jiran katafila. Ba wanda ya yi tsaki a cikin direbobin can, shayi kawai suka ɗora. Ku kuma a Yuli za ku, lokacin ruwan sama da narkewar ƙanƙara, wato lokacin da zaftarewa ta fi yawa. Tafkin Attabad da za ku tsaya ɗaukar hoto a bakinsa, zaftarewar dutse ce ta haifar da shi a Janairun 2010, ta toshe kogin Hunza, ruwa ya cinye hanyar, sai a 2015 aka buɗe ramukan da motoci ke bi yanzu.

Amma abin da ya fi damuna shi ne tsayin wurin. Kunjarab na kan mita 4,693, iskar can ba ta ƙosar da huhu. Jiki na sabawa, sai dai a hankali, kuma da inda ka kwana yake lissafi. Gilgit wajen mita 1,500 ce, Karimabad wajen 2,500. Ku kwana ɗaya a Gilgit ko Cilas, biyu a Karimabad, sannan ku yi sammako ku hau Kunjarab, ku yi abin da bai wuce rabin sa'a ba, ku sauko ku kwana ƙasa. Idan kun bi ta garin Naran maimakon ta Besham, za ku tsallaka mashigar dutsen Babusar, mita 4,173, tun jiki bai saba da komai ba. Can ma kada ku daɗe.

Ciwon kai, tashin zuciya da kasala su ne alamun farko cewa tsayin wurin ya fara taɓa mutum. Wanda suka kama ba ya ƙara hawa. In kuwa ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali yana zaune, a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Samari kan ɓoye ciwo don kada a ce sun ɓata wa abokai tafiya, saboda haka ku yi wa juna alkawari tun a gida. Akwai maganin rigakafi, asitazolamaid, amma likita ke rubuta shi.

Sai abokin naka. Mai AS kan ƙare rayuwarsa bai san yana da shi ba, amma a wuri mai tsayi ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa, musamman in ga gajiya da ƙishirwa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Ya ga likita kafin ku tashi, ya faɗa masa tsayin wuraren da lambobinsu. Da ƙanena ne, a Karimabad zan bar shi yana kallon dutsen Rakaposhi. Mai sikila kuwa, SS, kada ma ya fara.

Mota ma tana haki. Injin da ba turbo yakan rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, don haka kada ka tsorata in ta yi nauyi a hawa. Gangara ce mai kisa: sa ƙaramin giya, inji ya riƙe ta, in ka kwanta kan birki zai yi zafi ya sake ka. In ba ka taɓa tuƙin dutse ba, ɗauki motar da direbanta. Ba abin kunya ba ne.

Ragowar mai sauƙi ne. Ku cika tanki a Gilgit, ku ƙara a Sost, garin ƙarshe kafin iyaka. Ku riƙe tsabar rupi, safaya taya mai kyau, ruwa, da rigar sanyi ko da Islamabad na ƙuna. Ku yi kwafin fasfo da biza da yawa, domin shingayen bincike na rubuta sunayen baƙi, kuma miƙa kwafi ya fi saurin sallama. Kada ku yi tafiyar dare tsakanin Besham da Cilas.